Dintsin Shinkafa

Ni ce mai riƙon mudu a cocinmu,
can kan tsauni a ƙasar Mizoram,
inda gajimare kan shigo ta taga
ya zauna a bencin baya kamar baƙo.

Ran da muka sallami Lalrosanga
zuwa ƙauyukan da ke bayan kogi uku,
da Littafi a jaka da takalmin roba,
Fasto ya ce, to wa zai ciyar da shi?
Kowa ya sunkuya yana duban yatsunsa.

Pu Hrangkhuma ya ce a yi gwanjo,
a ɗauko lasifika daga Aizawl.
Aka lissafa kuɗin mota, aka yi tsit.
Sai Pi Zairemi mai haƙora huɗu
ta ce, ni abin da kakata ta yi na sani:
kafin tukunya ta hau murhu
ɗebi dintsi guda ki zuba a gwangwani.
Ciki ba ya gane an rage masa.

Duk Asabar nakan goya kwando,
gida saba'in da uku, hawa da gangara,
gwiwa tana ƙara, kwando yana nauyi.
Lahadi da yamma a sayar wa malaman makaranta.

Daga nan dabara ta haifi dabara.
Thanpuii ta ɗaura wa kaza jan zare a ƙafa,
ta ce ƙwan wannan ba nawa ba ne.
Kafinta ya ware kujera ɗaya cikin goma.
Masu dawowa daga itace
kowa ya yar da guda a ƙofar coci
har tulin ya kai tsayin yaro.
Wani ya bar kunya guda ta citta a gonarsa,
yana nome ta kafin sauran.
Yara suka zana taswira a bango,
suka ja zare daga tsauninmu zuwa koginsa,
zaren ya yi baƙi don yawan taɓawa.
Kowane wata gida ɗaya ke rubuta masa wasiƙa,
ko da labarin bai wuce alade ya tsere ba.

Sai shekarar da gora ta yi fure.
Tsofaffi suka ga furen, suka daina dariya.
Ɓeraye suka sauko kamar ruwan dare,
gona ta kwana da zangarniya ta tashi da kara.
Dintsi ya koma abin da yatsa uku ke ɗauka.
Ina juye gwangwani ina jin ƙarar kowace ƙwaya.
Pi Zairemi ba ta fasa ba.
Na ce, Kaka, bari sai baɗi.
Ta ce, hannu in ya manta hanya
ba ya sake gano ta.

Yara kuwa suka kafa tarko a bakin rumbu,
suka kai wutsiyoyi ofis aka biya su.
Suka zube sulallan a farantin baiko.
Fasto ya daɗe yana kallonsu
kafin ya iya cewa mu yi addu'a.

A watan takwas motar kaya ta tsaya a gangare.
Buhu biyu, da wasiƙa a ɗinke a baki.
Kada ku aiko mini komai bana, in ji shi.
Na ba mutanen nan labarin gwangwaninku,
ban roƙe su ba.
Su goma sha tara ne kacal.
Matansu suka nemi gwangwani.

Na kwance buhu, shinkafar ja ce, gajera,
ba irin tamu ba, da tsakuwa a ciki.
Na auna, mudu arba'in da rabi.
Na buɗe littafin lissafi,
shafin shiga a hagu, na fita a dama,
na riƙe biro har fitila ta fara lumshewa,
ban san a wane shafi zan rubuta ba.